Tsadar Intanet a Gidajen Fagge da Sabon Gari: Wayar da Ba a Shimfiɗa Mana Ba

A ranar 20 ga Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Su ninki suka nema, aka ba su rabi, bisa hujjar cewa rabon da a taɓa farashin tun 2013. Ba a rufa wata guda ba masu sayen wani tsarin MTN na giga 15 a mako suka wayi gari ya tashi daga naira 2,000 zuwa 6,000, aka yi ta ce-ce-ku-ce har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. A Fagge da Sabon Gari ƙarin ya sauka ne a kan maigidan da ke da wayoyi huɗu ko biyar a gidansa, kowacce da cikinta: ta uwargida mai tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ta yaron da ke shirin jarrabawar JAMB, ta budurwar da malaminsu ke turo darasi a zauren ajinsu, da tasa shi kansa da yake jiran alat daga abokan ciniki. "Baba, datata ta ƙare" ta shiga sahun "an ɗauke wuta" da "gas ya ƙare" cikin maganganun da ake ji kullum a tsakar gida.

Wanda ya san yadda aka faro zai yi mamakin wannan kuka, domin intanet ya fi araha nesa ba kusa ba a kan yadda yake a farkonsa idan aka auna shi giga-giga. Amma tsadar da muke ji a jikinmu gaskiya ce, kuma tushenta na can baya, a zamanin wayar girke.

A 1996 NCC ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da intanet, Linkserve ta Legas na cikin na farko-farko. Hanyar shiga ita ce layin NITEL, mai lambar Kano 064. Za ka zare wayar daga jikin tarho ka cusa a modem, kwamfuta ta buga lambar kamfanin, sai ka ji ƙarar nan da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa: ƙara mai tsini, sai shuuu, sai tsit. Ba lalacewa ba ce. Modem biyu ne ke gaisawa, naka da na kamfani, suna gwada lafiyar layin don su daidaita a kan gudun da zai iya ɗauka. An ƙera wayar tagulla ne don muryar mutum, don haka dole modem ya mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti kafin su bi ta cikinta, na can kuma ya sake mayar da su. Iyakar gudun shi ne kilobit 56 a daƙiƙa, kuma da wuya a kai hakan, balle da damina, lokacin da ruwa ke shiga mahaɗar wayoyi layi ya riƙa ƙugi. Ko da layin ya ba da cikakken gudunsa, giga ɗaya da yaro ke ƙonawa yau a zama guda yana kallon Labarina ko Izzar So, sai an yi kusan awa 40 ana sauke shi.

Muddin kana ciki kuma, tarhon gida ya toshe. Duk mai neman maigida zai ji layi a cike, in kuwa wani ya ɗaga kan tarhon a falo, zance ya yanke, sai a sake bugawa daga farko. Biya ma biyu ne: kuɗin kamfanin intanet daban, kuɗin NITEL na kowane minti daban. Shi ya sa mutane suka koyi rubuta wasiƙunsu na imel tun kafin su haɗa layi, su tura, su sauke waɗanda suka shigo, su kashe da sauri.

Sai dai gidaje nawa ne a Kano suka ga wannan? Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma fiye da miliyan ɗari. Samun layi sai wane da wane: manyan 'yan kasuwa, 'yan canjin Wapa, kamfanonin Kwara da ke Fagge ta Kudu, bankuna, ofisoshin sayar da tikitin jirgi, sai wasu gidajen Nasarawa da Bompai. Mutum kan cike takarda ya jira wata da watanni. Ga yawancinmu, intanet na farko a shago muka gan shi.

Sabon Gari na cikin unguwannin da shagunan kafe suka fi yawa a farkon shekarun 2000. Ɗaki ne ƙarami, an jera kwamfutoci masu ƙaton ƙeya an raba su da falanki, fanka na kaɗa iska mai zafi, janareta na ruri a bakin ƙofa. Ka biya kuɗin awa, a wurare da yawa kimanin naira ɗari, a miƙo maka 'yar takarda mai lambobi. Kana shigar da su agogo zai bayyana a kusurwar allo yana cin lokacinka, ko shafi ya buɗe ko bai buɗe ba. Abokai uku kan haɗa kuɗi su matsu a kujera ɗaya, ɗaya na dannawa biyu na leƙe. Masu dogon aiki sai su sayi kwana, a kulle ƙofa da su har asuba, don da dare layin ya fi sakin jiki. A nan ɗalibai suka duba sakamakon WAEC da katin kankarewa, a nan aka buɗe adireshin Yahoo na farko, a nan 'yan kasuwa suka fara aika wa Dubai da Chaina wasiƙa maimakon fakis. Manyan shagunan ma ba su dogara da NITEL ba, faranti suke kafawa a kan rufi suna jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, a biya da dala. A wancan zamani intanet wuri ne da ake zuwa. Kana sanin abin da ka kashe, don da hannunka ka miƙa, in ka tashi kuma shi ke nan sai wani jiƙon.

Daga nan sai salula ta zo ta sha gaban komai. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, cikin Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin, kira naira 50 a minti, har sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Starcomms da takwarorinta sun kawo ɗan modem da ake soka wa kwamfuta, suka yi zamaninsu suka shuɗe. NITEL ta durƙushe, wayoyinta na tagulla suka ruɓe a ƙasa ko ɓarayi suka kwashe. Mun yi murna, kuma da dalili, domin mai shayi da ɗan dako sun riƙe abin da a da sai attajiri.

Amma akwai abin da ya wuce mu a wannan tsallake. A Turai da Amurka, wayar tarhon da ta riga ta shiga kowane gida ita aka inganta ta zama layin intanet mai gudu, daga baya aka musanya ta da fayiba, wato zaren gilashi siriri da ke ɗaukar bayanai da haske. Gida na biyan kuɗi ɗaya a wata, kowa ya sha iyakar shansa. Mu ba mu da wayar da za a inganta. Kusan duk masu intanet a Nijeriya ta iska suke samun sa, daga ƙarfen sabis, kuma iska tana da iyaka: ƙarfe ɗaya, zangon mita ɗaya, dubban wayoyi na rububi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tura kuɗi a Kantin Kwari ana gab da sallah ya san ma'anar wannan. Tunda abin rabawa ake yi, dole a sayar da shi da awo. Mutumin Kano ya san bambancin gidan da ke da famfo da gidan da ke sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa: na biyun ya fi biya, ya fi tsimi, kuma shi ruwa ke yanke wa ana tsakar wanki. Intanet ɗin gidajenmu na jarka ne. Ko rauta ka saya ka ajiye a falo, layin waya ne a cikinta. Tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan marasa iyaka ma, yawancinsu akwai ƙa'ida a ƙananan rubutu: in ka kai wani adadi a rage maka gudu.

Sannan ga nisa da teku. Intanet na shigowa ƙasar nan ne ta manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa: SAT-3 tun farkon shekarun 2000, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google a 2022. Duk a Legas suka sauka. Daga can zuwa Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma kowace mita sai an haƙa, an binne, an biya gwamnatin jihar da aka ratsa kuɗin izini. Tun 2013 aka yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka yi biris. Ekiti naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko a 2020, wato naira miliyan huɗu da rabi a kilomita guda tun ba a sayi wayar ba. A shekarar ce Katsina ta koma 145, Kaduna kuwa ta yafe gaba ɗaya. Bayan an binne ma ba a huta ba, domin masu aikin hanya na tsinke wayoyin da katafila, ɓarayi na tonewa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka tsinke a teku daura da Kwaddibuwa, mai POS a France Road ya ji a jikinsa kamar yadda banki a Legas ya ji.

Ragowar lissafin dala ce da dizal. Kayan aikin duk daga waje ake sayo su, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a dala a 2024. Kowane ƙarfen sabis yana da janareta a gindinsa saboda wutar ba abin dogaro ba ce. A Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Kano ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, dizal ne ya riƙe sabis. MTN Nijeriya ta bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024. Don haka ba na cikin masu cewa kukan kamfanonin ƙarya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mafita kullum ita ce aljihun mai saye, alhali sabis ɗin da ake ƙara wa kuɗi bai daina yankewa ba.

Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, ya yi alkawarin giga ɗaya ba zai wuce naira 390 ba. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi kuma shi ne kada kuɗin intanet na yau da kullum ya haura kashi 2 cikin ɗari na abin da mutum ke samu a wata. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne, kashi biyunsa naira 1,420. A tambayi duk mai iyali ko wannan zai kai gidansa mako guda. Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, ta kawo gudu na gaske ba tare da haƙa rami ba, kuma farantanta sun fara bayyana a kan rufin otal-otal da manyan shaguna. Amma kuɗin watanta ya tashi daga naira 38,000 zuwa 57,000 a 2025, kusan kashi 80 cikin ɗari na wancan albashi, ban da ɗaruruwan dubban nairorin da za a zuba a sayi kayan. Shi kuma 5G, da Kano ke cikin birane bakwai na farko da MTN ta kunna wa a 2022, yana buƙatar waya ko rauta mai tsada, kuma ƙarfensa ma sai an jawo masa fayiba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in akwai wurin da shimfiɗa fayiba zai yi riba a Arewa, to Fagge ce da Sabon Gari. Tsadar fayiba tana cikin tsawon rami, ribarta kuma tana cikin yawan ƙofofin da ramin ya wuce. Sabon Gari unguwa ce da aka yanka titunanta a miƙe tun zamanin Turawa, benaye a jere, bene ɗaya na ɗauke da iyalai goma ko fiye. Fagge kuwa ga Kwari, ga Singa, ga Wapa, ga kasuwar Abubakar Rimi, dubban shaguna manne da juna, kuma cinikinsu ya riga ya koma kan waya. Je ka Kwari da hantsi ka ga yaron shago ya warware shadda a gaban kyamara, yana karkata ta ga haske don wata Hajiya a Maraɗi ko Injamena ta ga ƙyallinta. "Hajiya, kin gani ko hoton ya tsaya?" In ya tsaya, sai ya fita bakin layi yana ɗaga waya sama. Kowane ɗayan waɗannan shaguna na sayen datarsa shi kaɗai, a farashin ɗai-ɗai, alhali waya guda da ta shigo bene za ta wadatar da su duka a raba kuɗin.

Gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000, kuma a 2024 ta sanya kayan sadarwa cikin kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Shirin zai kawo babbar waya bakin gari. Shigar da ita lungu aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Kano ba ta rabuwa da aikin titi da magudanar ruwa da gadoji, kuma duk lokacin da aka fasa hanya, binne bututun da waya za ta bi daga baya ba ya cin wani abin kirki idan aka kwatanta da sake fasa kwalta. Ya kamata a sa shi cikin sharaɗin kowace kwangilar titi, a bayyana kuɗin izinin haƙa a fili kowa ya sani, a hana a karɓe shi sau biyu ko uku da sunaye daban-daban, sannan a bar ƙananan kamfanonin gida su yi hayar bututun su yi gasa a kan farashi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da na masu gidajen haya a Sabon Gari su ma suna da ƙarfin da za su zauna da kamfani su yi ciniki da sunan layi guda ko bene guda, kamar yadda suka saba haɗa kuɗin mai gadi da na gyaran taransifoma.