Hukuncin Cutar Da Aka Gano Ba Zato A Hoton Ƙwaƙwalwar Ɗan Sa-kai

Tambaya:

Ni ma'aikacin lafiya ne a Dutse. An gayyace ni aikin wani bincike da za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar 'yan sa-kai masu lafiya da na'urar MRI. Idan muka ga ƙari ko kumburin jijiyar jini a kan wani, alhali ba shi muke nema ba, wajibi ne mu gaya masa?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Abin da ka tambaya yana faruwa. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2009 ya tattara hotunan mutum sama da 19,000 da ba su da alamar ciwo, aka samu kusan mutum ɗaya cikin 37 yana ɗauke da wani abu da ba a zata ba. Wasu abubuwan ba sa cutarwa, wasu kuwa jinkiri a kansu yana iya kai wa ga halaka.

Wanda ya miƙa kansa gare ku amana ya ba ku, don haka hukuncin kamar haka ne:

Na farko, ku sanar da shi tun kafin ya amince, da harshen da yake ji, cewa ana iya ganin irin wannan, sannan ku tambaye shi ko yana son a gaya masa. Ku kuma bayyana masa cewa hoton bincike ba ya maye gurbin ganin likita. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba. Dokar ɗa'ar binciken lafiya ta Najeriya ta 2007 ma ta shar'anta amincewa bisa sani.

Na biyu, kada ku yi gaggawa. Ƙwararren likitan hoto ne zai fara tantancewa, domin tsorata Musulmi a kan zato bai halatta ba.

Na uku, idan ya tabbata abu ne mai hatsari kuma yana da magani, sanar da shi wajibi ne, ɓoyewa ha'inci ne, saboda kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. A gaya masa a keɓe, cikin tausasawa, tare da takardar tura shi Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a nan Dutse, ko na Malam Aminu Kano idan ana buƙatar likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Mai zuwa daga ƙauyukan Kiyawa ko Jahun ba a sallamarsa da labari kawai, a nuna masa inda zai dosa.

Na huɗu, idan abin ba ya cutarwa, ko ba a san ma'anarsa ba, sai a bi zaɓin da ya yi tun farko.

Na biyar, sirrinsa ne. Ba a gaya wa dangi ko wurin aikinsa sai da izininsa, in ban da inda shiru zai cutar da wasu, kamar direban haya da ake tsoron farfaɗiya ta kama shi a hanya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta tabbatar da wannan togaciya a matsayarta ta 1993 kan sirrin likitanci.

Idan tsarin binciken bai tanadi waɗannan ba, ka kai maganar gaban kwamitin ɗa'a kafin a fara.

Allah ne Mafi sani.