Kalma 300 kafin a shiga zauren masana sauro

A watan Afrilun 2024 masana zazzabin cizon sauro daga sassan duniya suka hallara a Kigali, babban birnin Ruwanda, domin babban taronsu na Afirka karo na 8. Taron na MIM ne, wata haɗakar masana da ta samo asali a Dakar a 1997, kuma ba kowace shekara ake yin sa ba. Kafin na Kigali, rabon da a zauna tun 2018. Galibin waɗanda suka hau mumbari suka yi bayanin abin da suka gano, da waɗanda suka tsaya gefen fostarsu suna jiran masu tambaya, ta ƙofa ɗaya suka shiga. Watanni kafin taron kowannensu ya zauna gaban kwamfuta ya aika tsakure, sannan ya koma yana duba imel safe da yamma.

Tsakure aikin shekara ɗaya ko biyu ne da aka matse cikin kalma 250 zuwa 300: me ya sa aka yi binciken, ta yaya aka yi shi, me aka samu, kuma me hakan yake nufi. Kwamitin taro ya raba wa masu tantancewa biyu ko uku, a wasu tarukan bayan an cire sunan marubuci, su ba da maki. Daga nan a ba mutum minti 10 ko 15 ya yi magana, ko a ba shi allon liƙa fosta, ko a ba shi haƙuri. Mai tantancewar nan malami ne ko likita mai nasa aikin, yawanci kyauta yake yi, da dare, ga wasu gomomi na jiran sa. Ba zai buga maka waya ya ce me kake nufi a layi na huɗu ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai rigimar 'yan boko ce, ina ruwan talaka. To, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan da ƙwari da makamantansu ke yaɗawa suna kashe sama da mutum 700,000 a shekara. Ga sauro da zazzabinsa, da shawara, da tundurmi. Ga ƙudan tsando mai jawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, ga kaska, ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a tafkunan da yaranmu ke wanka. A 2023 kaɗai mutum miliyan 263 suka kamu da zazzabin cizon sauro, kusan 597,000 suka rasu, kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu a Najeriya suke. A irin waɗannan zaurukan ake fara jin wane gidan sauro ne ya daina aiki, a ina, kuma wanne za a saya a madadinsa. Idan babu mai magana daga Zamfara ko Damagaram, da sauron wani wuri za a auna namu.

A ɗauki ɗalibar digiri na biyu a wata jami'a ta Arewa, mai son sanin ko maganin da ke jikin gidan sauro yana kashe sauron garinsu har yanzu. Da damina take bin kududdufai da fadamun shinkafa, tana kwasar tsutsar sauro da ludayi. Ta rene su a ɗakin gwaji har su yi fiffike, ta ware matan, masu kwana 3 zuwa 5 waɗanda ba su taɓa shan jini ba. Ta zuba 25 a kowane bututu da aka shimfiɗa wa takarda mai magani, su yi awa ɗaya, ta mayar da su bututu mai tsabta, ta ɗora musu auduga jiƙe da ruwan sukari. Bayan awa 24 ta ƙirga matattu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan 98 cikin 100 ko fiye suka mutu, magani na aiki. Idan ba su kai 90 ba, sauro ya yi taurin kai.

Abin da mai tantancewa ke nema a tsakurenta bai wuce wannan ba: sunan wurin, wata da shekara, sauro nawa, wane magani, nawa suka mutu. Amma abin da aka fi gani shi ne rabin kalmomin su ƙare wajen shaida wa mutanen da suka yi furfura a kan wannan cuta cewa tana kashe yara a Afirka. Kafin a iso ga alƙaluma wuri ya cika. Mafi muni shi ne tsakuren da ya ƙare da cewa za a bayyana sakamako a wurin taro. Wannan kamar ka je kasuwar Wudil ne ka ce a biya ka kuɗin sa, ranar Juma'a mai zuwa za ka kawo shi a gani.

Akwai kuma zuzutawa. Sau nawa aka ga an jiƙa ganyen darbejiya, ya kashe tsutsar sauro a cikin kofin gwaji, sai marubuci ya rufe da cewa an samo hanyar kawar da zazzabi daga Najeriya? Gwajin ba laifi ba ne, iƙirarin ne ya fi ƙarfinsa. Haka wanda ya yi aiki a unguwa ɗaya ya yanke wa jiha hukunci. Ita ma ɗalibarmu tana da inda za ta yi hattara: 'yan gidan Anopheles gambiae, wato shi kansa da coluzzii da arabiensis, kamarsu ɗaya a ido, sai gwajin ƙwayar halitta ke raba su. Idan ba ta da na'urar, ta faɗa ƙarara cewa da siffa ta tantance. Masu tantancewa sun san halin da ɗakunan gwajinmu ke ciki, kuma sun fi yafe ƙarancin kayan aiki a kan ɓoye shi. Wanda ya ɗebi jinin yara kuwa, ko ya sa matasa su zauna da dare ƙafa a buɗe suna kama sauron da ya sauka a kansu, sai ya tabbatar yana da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, don za a tambaya.

Na fi tausaya wa waɗanda ba sa aikawa sam, suna ganin abin da ke hannunsu bai kai ba, ai ƙirgar sauro ce kawai. Su dubi labarin Anopheles stephensi. Sauron Asiya ne da yankin Larabawa, mai son birni, yana ƙyanƙyasa a tankin ruwa da randa da wurin gini, ba ya jiran damina. An fara ganin sa a Afirka a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ga mutum 27 kacal da zazzabin. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a 2020 kuma aka gano shi a jihar Gombe. Kowane mataki na wannan tafiya, wani ne ya leƙa cikin ruwa, ya ga abin da bai saba gani ba, ya rubuta. Mujalla kan ɗauki shekara kafin ta buga maƙala, taro kuwa cikin watanni labari ya isa kunnen masu ruwa da tsaki.

Sai dai samun karɓuwa rabin tafiya ne. Taro mafi girma a wannan fage shi ne na shekara-shekara da ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Amurka, wadda aka kafa a 1903, take shiryawa, kuma kusan kullum a can ake yin sa. Kuɗin rajista da dala, jirgi da dala, masauki da dala, ga layin biza da kan wuce ranar taron. Sai ka bi zauren fosta ka ga allo da lamba da suna, babu takarda, babu mai ita. Akwai tallafin tafiya da tarukan ke bayarwa, amma galibi tare da tsakure ake neman sa, wanda ya jira sai an karɓe shi ya makara. Malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya suna da tallafin asusun TETFund, in an dace takarda ta fito kan lokaci. Shi ya sa tarukan cikin nahiyar suke da daraja, irin na ƙungiyar PAMCA ta masu yaƙi da sauro, da aka yi a Kigali a 2022 da Adis Ababa a 2023.

Ga kuma harshe. A watan Janairun 2025 aka tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke jawowa. Masanin Yamai da ya san yadda aka yi, da Faransanci ya yi karatu, da Hausa ko Zabarmanci ya yi aikin ƙauye, amma manyan tarukan da Ingilishi suke son tsakure. Shi kuwa ma'aikacin da ya kwana a bakin ruwa yana kama ƙudan, da wuya ka ga sunansa a jerin marubuta, sai na shugaban sashen da bai taɓa taka wurin ba. Wannan ɗabi'a tamu ce, babu wani baƙo da ya ɗora mana ita.

A kula da 'yan damfara. Saƙo zai shigo cike da yabo, ana gayyatar ka babban taro a Dubai ko Paris, ka aika tsakure a karɓa cikin kwana biyu, sai maganar kuɗi ta biyo baya. Taron da ya haɗa sauro da gine-gine da harkar banki a otal ɗaya ba taro ba ne.

Bayan an watse kuma fa? Wani nazari da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2018, wanda ya tattara bayanan tsakure sama da 300,000 na tarukan kiwon lafiya da kimiyya, ya nuna waɗanda suka zama cikakkiyar maƙala a mujalla ba su kai rabi ba, kuma masu sakamako mai daɗin ji sun fi samun fita. Don haka ɗan jaridar da ya ji an ce an gabatar da wani sabon magani a taron ƙasa da ƙasa, ya tambaya mutum nawa aka gwada, a ina, kuma an buga ko tukuna. Ita kuma ɗalibarmu, fostarta na iya ƙarewa a naɗe bayan kabad. Jami'in yaƙi da zazzabin cizon sauro na ƙaramar hukumar da ta kwaso tsutsar bai je Kigali ba, ba kuma zai je Amurka ba, alhali shi zai tsaya a kan rabon gidan sauro na gaba. Shafi ɗaya da Hausa ya ishe shi, shi da mai unguwar da ya ba ta izinin shiga gidaje.