Idan Maganin Ciwon Damuwa Ya Yanke

Wanda ya taso daga Illela ya nufi Sakkwato, idan ya wuce Gwadabawa sai ya ratsa Kware kafin ya shiga birni. A Kware asibitin gwamnatin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yake. Can, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ake tura mutumin bakin iyaka idan ciwon damuwa ya kwantar da shi: abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, kasuwa ta gundure shi, duniya ta yi masa baƙi ƙirin ba tare da wani dalilin da ido ke gani ba. Likita ya saurare shi, ya rubuta ƙwaya, ya sa masa ranar dawowa. Amma tsakanin mara lafiya da wannan rana akwai tafiyar da ta kai kilomita 80 in Sakkwato za a je, akwai kuɗin mota, akwai kuɗin maganin kansa.

Shi ya sa a nan sau da yawa ba mutum ne ke yanke shawarar daina magani ba, maganin ne ke yankewa. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 har Disamban 2020. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Duk mutumin Ƙonni ko na ƙasar Tawa a Nijar da likitansa ke wannan tsallake, hanya ta toshe masa. Na gida kuma, tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi ɗage zuwa asibiti. Sai kuma wanda ya ji sauƙi ya ce da iyalinsa, "Ni na warke, mi zan yi da magani?" Dukkansu abu ɗaya ke jiran su, kuma kaɗan ne aka taɓa faɗa wa.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, kamar wanda ake kira sirotonin. Magungunan ciwon damuwa, irin su amitiriftilin da aka fara sayarwa a 1961 da fuloksetin da aka amince da shi a Amurka da sunan Prozac a ƙarshen 1987, suna sa waɗannan sinadarai su ƙara jimawa a tsakanin jijiyoyin. Idan aka yi watanni ana sha, ƙwaƙwalwa takan gyara zamanta ta dace da sabon yanayin, kamar yadda jaki ke karkata jikinsa ya daidaita da mangalar da ta fi nauyi ta gefe ɗaya. A sauke kayan farat ɗaya, sai ya yi taga-taga. Ƙwaƙwalwa ma tana bukatar lokaci kafin ta miƙe.

A ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Illela da ya yi wata biyar yana shan ƙwaya ɗaya kowane dare. Ta ƙare ranar Alhamis. Juma'a lafiya lau. Ranar Asabar ya tashi da kasala da ciwon kai, zuciya na tashi. Ranar Lahadi, kasuwa na ci, ya sunkuya zai ɗaga buhu sai jiri ya kwashe shi, gumi ya karyo masa, ya yi wa yaronsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da dare barci ya ƙi zuwa, in ya zo sai mafarkai masu firgitarwa. Haka abin ya saba zuwa, kwana biyu zuwa huɗu bayan ƙwayar ƙarshe. Wasu kan yi gudawa da amai, musamman masu shan amitiriftilin. Wasu gabansu ya yi ta faɗuwa, ko kuka ya riƙa ƙwace musu. Akwai kuma alamar da ta fi ba mutane tsoro, wadda ta fi zuwa ga masu shan sababbin magungunan: mutum ya ji wani abu ya tsarga masa a kai kamar wutar lantarki ta ja shi, galibi idan ya juya ido ko wuya da sauri.

A nan ne ake ɓata hanya. Kasala da ciwon jiki da amai, kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, sai a garzaya kemis a sayi allura. Mugun mafarki da abin da ke tsarga kai, tsofaffin gida za su ce iska ce ko sammu. Ba wanda zai tuna da ƙwayar da ta ƙare kwana uku da suka wuce, domin sau da yawa ba wanda ya san ana shan ta. Mai ciwon damuwa yakan ɓoye maganinsa don kada a ce ya taɓu. Wannan ɓoyo yana cutarwa ƙwarai. Ma'aikacin lafiya ba zai gane bakin zaren ba in ba a gaya masa ba, kuma tambaya ɗaya tak, "Akwai maganin da ka daina sha kwanan nan?", za ta iya hana asarar kuɗi da wahalar mako guda.

Shi kuwa mara lafiyar, abin da ya fi tsoro shi ne ciwon ya dawo. Akwai yadda ake rarrabewa. Alamomin yankewar magani suna zuwa cikin kwanaki, suna tafe da abubuwan da babu su a ciwon farko, kamar jiri da tsargawar nan, kuma idan aka koma kan maganin sukan lafa cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. Dawowar ciwon kuwa a hankali take lallaɓowa, cikin makonni ko watanni, da irin fuskar da aka san ta da ita, kuma magani ba ya kwantar da ita sai ya ɗauki makonni.

Tun 1959 likitoci suka rubuta labarin waɗannan alamomi, amma an daɗe ana raina su, ana cewa mako ɗaya ne ko biyu su wuce. Ga mafi yawan mutane haka ne. Sai dai masu shan maganin sun yi ta kokawa, har a 2019 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta gyara bayaninta, ta yarda cewa ga wasu abin yakan yi tsanani, ya kuma ja watanni. A 2024 mujallar The Lancet Psychiatry ta buga wani nazari da ya tattara bincike 79 a kan mutum sama da 21,000. Ya nuna kusan mutum ɗaya cikin 6 ko 7 ne ke samun alamomin da za a ɗora wa daina maganin kansa, kuma kusan ɗaya cikin 35 ne abin ke yi wa tsanani. Masana na ci gaba da jayayya a kan adadin, wasu na ganin ya fi haka ga waɗanda suka yi shekaru suna sha.

Magungunan ma ba ɗaya suke ba. Wanda ke saurin fita daga jini shi ya fi wahalarwa. Benlafaksin yakan ragu da rabi cikin 'yan sa'o'i, farokzetin kuma cikin kwana guda, shi ya sa su biyun suka yi ƙaurin suna. Fuloksetin yakan yi makonni yana janyewa da kansa, don haka alamominsa sun fi sauƙi, ko da yake sukan makara kafin su bayyana.

A garin iyaka, inda kowa ya ga yadda tiramol ya lalata samari, dole a yi tambayar: to, ashe wannan ma ƙwayar maye ce? A'a. Mai shan maganin ciwon damuwa ba ya buguwa, ba ya ƙishirwarsa, ba ya ƙara yawansa don neman wani daɗi, ba ya sayar da kayansa don ya same shi. Jiki ne kawai ya saba, kamar yadda yake sabawa da wasu magungunan hawan jini da su ma ba a yanke su rana ɗaya. Amma akwai haɗari na gaske a tsakanin su biyun. Tiramol ma yana taɓa sirotonin, kuma haɗa shi da waɗannan magunguna na iya jawo zazzaɓi mai zafi, rawar jiki, ruɗewa, har da farfaɗiya. Wanda maganinsa ya yanke kada ya kuskura ya cike gurbin da shi.

Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 don ma'aikatan ƙananan asibitoci ta ce a ci gaba da shan magani wata 9 zuwa 12 bayan an ji sauƙi. Dalilin a fili yake: wani bincike da aka yi a Ingila a kan mutum 478, aka buga a 2021, ya gano cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin ɗari na waɗanda suka daina, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Idan lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa, aƙalla cikin mako huɗu, wanda ya daɗe yana sha kuma zai iya bukatar watanni. Matakan ƙarshe su suka fi wuya, don ɗan ƙaramin adadin da ya rage yana aiki a ƙwaƙwalwa fiye da yadda girmansa ke nunawa. A nan ake ƙara sassauta tafiya. Azumi ba dalilin dainawa ba ne, tunda yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, likita zai iya mayar da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur. Mace da ta samu ciki ma kada ta watsar da shi da kanta, ta je a duba mata wanda ya dace.

Mai zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu ya riƙe kwalin maganinsa da takardar likita, domin sunan da ke jikin kwali yakan canza: amitiriftilin, alal misali, a ƙasashen renon Faransa an fi saninsa da Laroxyl. A kuma ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, don shansa da yawa yana iya kisa.

Mai karatu, in kai ke shan wannan magani, ka ƙirga ƙwayoyinka, ka nemi wasu tun saura na mako guda, ka kuma sanar da mutum ɗaya a gidanku. In ɗan'uwanka ne, ka taimaka masa da kuɗin mota ranar da likita ya sa masa. Idan kuma ka ji yana maganar gajiya da rayuwa ko kashe kansa, kada ka bar shi shi kaɗai, kada ka jira kasuwa ta tashi; a ranar za ku kama hanyar asibiti.