Hanyar Gwarzo da Ruwan Guzuguzu

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo da Dayi da kaka ya san ƙasar nan tana da albarka. Motoci na fita da dawa da masara da gyaɗa, wasu su nufi Dawanau, wasu su ƙetara Malumfashi a Jihar Katsina. Kasuwar Getso kuwa, fatake daga nesa kan zo mata sayen shanu da hatsi.

Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya soma shirin madatsun ruwa. Daga baya aka samu Guzuguzu da Magaga a yankinmu. A da, in damina ta wuce sai samari su tafi cin rani. Yanzu ga tumatir, ga albasa, ga kamun kifi, har baƙi kan tsaya kallon ruwan.

Amma ina ribar take zuwa? Mun lura mai kwando 5 na tumatir ba ya iya ɗaukar mota shi kaɗai. Tilas ya sallama wa dillali a bakin gona kafin rana ta narkar da kayan. Ƙungiya mai mutum 20 kuwa tana iya cika mota guda har kasuwar 'Yankaba. Shugabanni, ku sa wannan magana cikin taronku tun ba a yi dashe ba.