Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a shekarar 1953, lokacin da Fadar Batikan ta damƙa yankin Sakkwato a hannun limaman Dominikan 'yan Amurka, da harshen Latin kaɗai ake gudanar da babbar ibadar Katolika da ake kira Mas? Jega da Aliero da Maiyama duk suna ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato na yau, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011.

A tsohon tsarin Mas na Latin, Fada, wato limamin, na fuskantar bagade ne, jama'a na bayansa. Addu'ar tsakiya a hankali yake yin ta, sai ƙarar ƙararrawa ke sanar da mutane inda aka kai. Mai karɓar Jibin Ubangiji kuwa durƙusawa yake yi, a ɗora masa a kan harshe.

Babban Taron Batikan na Biyu (1962 zuwa 1965) ne ya buɗe ƙofar harsunan gida. Yanzu Fada na fuskantar jama'a, ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ko Turanci, 'yan Zumuntar Mata na rera waƙa da ganga da tulu. Ko ba komai, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana jin abin da take amsa wa "amin".

Ba a binne Latin ɗin ba dai. Fafaroma Benedict ya sassauta amfani da tsohon tsarin a 2007, Fafaroma Francis ya sake taƙaita shi a 2021, sai da izinin bishop.