Waya a Hannu, Tumatir a Kan Hanya: Yadda Manhajoji Suka Sauya Tafiya a Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma janyo ruwanta ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, mutanen wannan yanki suka shiga noman abin da ya fi ƙarfin cikinsu. Shinkafa da alkama da masara suna iya jira a rumbu. Tumatir da attaruhu ba sa jira. Daga Janairu zuwa Afrilu, duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya zai ga kwanduna jere a Kwanar Gafan, manyan motoci na jiran lodi, mafi yawansu kuma Kudu suka nufa, wasu har kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar da ta kai kilomita dubu. Saboda haka manomin rani a nan, ko bai taɓa wuce gadar Tamburawa ba, rayuwarsa a rataye take da tafiya. In ba shi ya hau mota ba, guminsa ne ya hau.

To, wace manhaja ce ke tsara wannan tafiya a yau? Idan aka ɗauko jerin da ake tallatawa a duniya, na sayen tikitin jirgi da kama ɗakin otal da kiran tasi, da wuya a samu ɗaya da ke aiki a bakin kanal. Waɗanda suka kama ƙasa guda uku ne, kuma biyu daga cikinsu ba don tafiya aka ƙera su ba: WhatsApp, sai manhajojin kuɗi irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, sannan can baya taswirar Google.

WhatsApp ya yi nasara ne saboda saƙon murya. Da yawa daga cikin manoma da direbobi sun fi sakin jiki da karatun allo a kan na boko, kuma ko wanda ya iya boko ba zai tsaya latsa haruffa da hannu duk taɓo ba. Danna ka yi magana, shi ke nan. Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, labarin kasuwar Legas a bakin direban da ya dawo ake jin sa, labarin da ya riga ya kwana biyu ko uku a hanya. Wayar ta rage wannan tazara, amma magana ce kawai, kuma dillali na iya faɗin abin da ya ga dama. Yanzu ana cewa da shi, "Ɗauko mini bidiyon kasuwar." Mai kaya na tsaye a gonarsa zai ga yawan motocin da suka kwana ba a sauke ba, ya yanke shawara ko a tsinka yau ko a ƙara kwana. Shi ma mai saye yana ganin hoton kwando kafin ya turo kuɗi. Direbobi kuwa suna da zaurukansu, inda ake faɗin wurin da tirela ta faɗi ta tare hanya, da shingen da aka ƙara, da gidan man da ke da gas.

Abin da ya ingiza mutane cikin manhajojin kuɗi kuwa wahala ce. Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira a Oktoban 2022, ƙarancin takardun kuɗi kuma ya tsananta a Janairu da Fabrairun 2023, daidai lokacin da kakar tumatir ke kan ganiyarta. Ga kaya sun nuna, ga mai saye, ga mota, babu abin biyan 'yan tsinka da masu lodi. Manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarƙewa, sai a cire wa mutum kuɗi ba su isa inda ya tura ba. A wannan tsakani ne sababbin kamfanonin suka samu shiga, domin alat ɗinsu na shigowa nan take, buɗe asusu kuma ba ya bukatar zuwa Kano a bi layi. Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin kuɗi a watan Maris na shekarar, amma waɗanda suka ɗanɗana sauƙin taransifa ba su koma gidan jiya ba.

A ganina nan ne babban sauyin yake, fiye da duk wata taswira. A da, wanda ya raka kaya Kudu yakan dawo da cinikin mutane da dama ɗaure a jikinsa, kuma 'yan fashi sun san da haka. Wani lokaci ma dalilin tafiyar ke nan, a je a karɓo kuɗi. Yau kuɗin na riga motar isowa gida. Direba yana karɓar kuɗin mai kashi-kashi a hanya, idan taya ta fashe a Mokwa a tura wa mai faci kai tsaye. Ɗan cirani da ya zo aikin dashe ko yanka yana aika wa iyalinsa abin cefane ranar da aka sallame shi, ba sai ya jira wanda zai je garinsu ba.

Tsadar mai ta ƙara wa abin ƙarfi. Gas ɗin manyan motoci ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, sannan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuma tsaya nan ba. Tafiyar "bari in je in gani" ta zama almubazzaranci. Mai J5 ba ya tada mota sai ya tabbatar lodi ya cika, mai babbar mota kuma tun yana hanyar zuwa yake cigiyar kayan da zai ɗauko a dawowa, don kada ta dawo wayam. Duk a waya ake wannan.

Akwai kuma tafiye-tafiyen da aka daina yi gaba ɗaya, kuma ba a cika lissafa su ba. Kura ta yi suna da gyaran shinkafa, mata na da babban hannu a turara ta. Matar da ke cikin gida, wadda a da sai ta aiki yaro ko ta dogara da abin da dillali ya faɗa mata, yanzu tana iya jin farashi daga bakin mai saye, a biya ta a asusunta, a aiko mai kurkura ya ɗauka. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai irin wannan sauƙi ya fara cin zumunci, har ta'aziyya da barka ana sallamarsu da saƙon murya, alhali an san zuwa da kai ya fi saƙo.

Taswira ita ce ta zo ta uku, kuma da dalili. Ita lissafinta nisa da lokaci. Daga Kaduna zuwa Jebba, hanyar Birnin Gwari da Tegina ce mafi kusa a takarda, amma shekara da shekaru direbobi na kauce mata saboda 'yan bindiga, su zagaya ta Suleja da Bida, ko su bi ta Abuja da Lokoja. Manhaja ba ta san wane daji ne ba a shiga bayan la'asar ba. A Oktoban 2022 ambaliya ta shafe titi a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye, haka kuma a ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta yanke hanyar da ke haɗa Arewa da Kudu maso Yamma. A irin wannan rana taswira na iya nuna jan layi, alamar cunkoso. Wace ɓarauniyar hanya ce za ta ɗauki mota mai taya goma sha biyu, wane ƙauye ne matasa suka sa shinge suna karɓar kuɗi, wannan sai direban da ya riga ka wucewa.

A cikin filin noman kansa ma haka abin yake. Hanyoyin da ke bin gefen kanal suna da sunaye a bakin mutane, amma da yawansu ba su da suna a taswira, kwatance kuma da kwalbati da bishiya da gonar wane ake yin sa. Inda taswirar ke da amfani shi ne tura wa wani daidai inda kake tsaye. Mota ta lalace cikin dare tsakanin garuruwa, yaron mota ya tura alama, makanike ya zo kai tsaye. Mai kaya ma yana iya bin motarsa da ido, abin da ba duk direba ke so ba.

Me ya sa manhajojin da aka ƙera musamman don sufuri ba su samu gindin zama ba? Bolt da Uber a cikin birni suke da ma'ana, inda direba zai sauke wani ya ɗauki wani. Wanda ya kawo fasinja Bunkure shi kaɗai zai koma, fasinjan kuma ga motar tasha da A Daidaita Sahu a kuɗi kaɗan. Kamfanoni irin su Kobo360, masu haɗa mai kaya da mai tirela ta manhaja, sun fi karkata ga manyan masana'antu masu takardu da inshora. Lodin tumatir kuwa na mutane da yawa ne a mota ɗaya, kowa da alamarsa a kan kwando, sau da yawa kuma sai an sayar ake cika wa direba kuɗinsa. Tambayar farko a nan ita ce, "Wa ya tsaya masa?" Ɗan kamasho da shugaban tasha da dillali su ne amsar. Idan kaya suka salwanta, akwai wanda za a kai ƙara wurinsa, akwai wanda ya san gidan su direban. Taurari biyar a fuskar waya ba sa biyan asarar kwando ɗari. WhatsApp ya karɓu ne domin bai nemi ture waɗannan mutane ba, ƙara musu tsawon hannu kawai ya yi.

Wannan kuma shi ne raunin abin. Masu cewa waya za ta kawar da dillali ba su lura da cewa dillalin ne ya fi kowa lambobin waya ba. Ƙaramin manomi mai ƙaramar waya, ko wanda ba ya cikin zauren da ake faɗin gaskiyar farashi, yana nan inda yake, wataƙila ma tazarar ta ƙaru. Sannan labari mai daɗi yana isa ga kowa a lokaci guda. Da an ji kasuwa ta yi kyau a Legas, kowa sai ya tsinka, motoci su tashi tare su isa tare, farashi ya faɗi kafin a kwance igiya. Maganin wannan wurin ajiya ne da masana'antar da za ta shanye rarar. Kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa fiye da yadda ya yi aiki. Muddin haka ne, Kudu za a ci gaba da kallo.

Ban da wannan, ga alat na bogi, ga masu kira su ce daga banki suke. Ga ƙwacen waya, wanda ya sa mai shiga birni da dukiyarsa duka a cikin waya yake tafe yana waige. Hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, caji kuma sai an biya a shago. A Satumban 2021 an ga abin da ke faruwa idan sabis ya ɗauke ɗungurungum, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga: wanda ya saba da taransifa da tambayar hanya ta waya ya koma makaho.

Mafi nauyi shi ne jita-jita. Zauren da ke gargaɗin direba game da hanya shi ne kuma ke yaɗa tsohon bidiyo a ce na yau ne. Bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, tumatir ya yi kwantai a Arewa, kuma kafin a sasanta an sha jin labarai a waya da ba a san tushensu ba. A ƙarshen Maris na 2025 kuwa, gab da ƙaramar Salla, aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyarsu ta dawowa gida daga Fatakwal, da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Waya ce ta nuna wa duniya abin da aka yi musu, har Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya. Amma babu manhajar da ta gaya musu kada su bi ta nan, babu kuma wadda ta kawo musu ɗauki. Allah Ya jiƙansu.

Idan aka auna, ribar ta rinjayi asarar: an rage yawo da tsabar kuɗi, an rage tafiyar banza, labari ya daina kwana a hanya. Abin da ya rage ba ya bukatar wata sabuwar manhaja daga Legas. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are suna iya sa matasan yankin su shigar da hanyoyin kanal da wuraren lodi cikin taswira da sunayen da mutane suka sani, aikin da ba ya cin kuɗi mai yawa. Shugabannin tasha a Kura da Bunkure da Kwanar Gafan kuma su ware mutum ɗaya sananne a kowane zaure, wanda duk labarin hanya sai ya kira ya tabbatar kafin a yaɗa shi. A yi wannan kafin kakar tumatir mai zuwa ta kama.