Ko Kun Sani? Ƙudan Da Ke Bin Hawaye

A Madawa, Buza da Keita ta jihar Tawa, idon yaro ya yi ja da kwantsa sai a ɗora wa hunturu da ƙura laifi. Wani lokacin amosanin ido ne, cutar da ƙwayar Chlamydia trachomatis ke haddasawa a cikin fatar ido. Hannu da tsumma na yaɗa ta, haka ma wani ƙaramin ƙuda mai son hawaye da majina, wanda ke ƙwai a kashin mutum da aka bari a fili. Shi ya sa masai ma maganin ido ne.

Ɓarnar a hankali take zuwa. Kamu bayan kamu, fatar ido ta yi tabo, ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido har gani ya dushe. Mata sun fi shan wannan wahala, don su ke rungume da yara.

Maganin amosani sai azithromycin, da tiyata in gashi ya juya, da wanke fuska da ruwa mai tsabta. Gana ta rabu da matsalar a 2018, Mali da Binin a 2023.